Tambayar Abinci da Kayan Zaƙi a Harshen Fotugis: Tarihin da Ke Cikin Kalmomin

1.0 Gabatarwa

Duk ɗan littafin da aka shirya don koya wa baƙo harshen Fotugis na yau da kullum, da wuya a rasa wani babi a cikinsa wanda ya shafi cin abinci a waje. Jimlolin da ake bai wa ɗalibi a wannan babi ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: *O que é isto?* (mene ne wannan?), *O que leva?* (me aka sa a ciki?), *Quanto custa?* (nawa ne?), *O que tem de sobremesa?* (wane kayan zaƙi kuke da shi?), sai kuma *A conta, por favor* (a kawo lissafin kuɗi, don Allah). Ɗalibi mai ƙwazo zai hardace su a zama ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun waɗannan jimloli da sunayen abincin da ake amsa su da su, a ga inda suka fito, da kuma mutanen da suka riga mu koyon su, domin a cikin waɗannan mutane akwai Hausawa, kuma ba a aji suka koya ba.

A yau fiye da mutum miliyan 250 ke magana da Fotugis, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe tara, shida daga ciki a Afirka. Amma nazarin da muke yi na cuɗanyar Hausa da baƙin harsuna ya fi karkata ga Larabci da Ingilishi da Faransanci, kamar dai babu abin da ya taɓa haɗa mu da Fotugis. Sunayen abinci sun nuna akasin haka.

2.0 Gadon Larabci

Musulmi sun shiga tsibirin Andalus a shekarar 711. Birnin Lisbon ya fita daga hannunsu a 1147, yankin kudu kuwa, wanda har gobe ake kira *Algarve*, watau Algarbu ko yamma, sai a 1249 aka ƙwace shi baki ɗaya. Zaman shekara ɗari biyar da ɗoriya ya bar ɗaruruwan kalmomin Larabci a bakin mutanen Fotugal, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu na gona ne da kasuwa da madafa. Wanda ya buɗe takardar jerin abinci a Lisbon zai ci karo da *arroz* (shinkafa, daga ar-ruzz), da *azeite* (man zaitun, daga az-zait), da *alface* (ganyen salak, daga al-khass), da *açafrão* (za'afaran), da *xarope* (ruwan zaƙi mai kauri, daga sharab), da uwa uba *açúcar* (sukari, daga as-sukkar).

Abin da zai ja hankalin masanin Hausa a nan shi ne yadda harsunan biyu suka haɗiye harafin ta'arifi na Larabci tare da kalmar, suka mai da su abu guda. Tun a 1947 Greenberg ya lura da wannan a tsofaffin kalmomin aro na Hausa, irin su alkama da albasa da alƙali, Hiskett kuma ya sake duba tarihin shigowarsu a 1965. Har ma narkewar lam a gaban haruffan shamsiyya iri ɗaya ce: yadda muka sami azahar da asuba da annabi da addini, haka suka sami *azeite* da *açúcar* da *arroz*. Wannan alama ce ta aron da aka yi da kunne, a kasuwa da zaure, daga bakin mai magana. Sukari namu kuwa ba shi da wannan harafi a goshi, abin da ke nuna cewa hanyarsa ko lokacin shigowarsa ya bambanta da na alkama.

Akwai kalmomi uku da suka cancanci a tsaya a kansu, domin uwa ɗaya ta haife su a harsunan biyu. Ta farko ita ce *taça*, ƙaramin mazubi da ake kawo kayan zaƙi ko abin sha a ciki, wadda ita ce tasa tamu, duka daga ɗasa ta Larabci. Ta biyu ta fi ban dariya. Dunƙulen niƙaƙƙen nama da ake kira *almôndega* ya samo sunansa daga al-bunduƙa, watau ɗan ƙwallo mai kamar gyaɗa, kuma daga wannan saiwa ce aka sami bunduƙiyya, wadda ta zama bindiga a wurinmu. Su sun ɗauki kalmar sun kai ta tukunya, mu mun kai ta fagen fama.

Ta uku ita ce ta fi kusa da jigon wannan maƙala. Tsohuwar kalma ce, *alféloa*, sunan wani abin zaƙi da ake yi da sukari ko ruwan rake, a dafa shi har ya yi danƙo, a yi ta ja ana ninkawa har ya yi haske. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mazarƙwaila, ko ya ga masu jan alewa suna aiki, ba ya bukatar ƙarin bayani. Al-halawa ce, ta zama *alféloa* a can, ta zama alewa a nan. Sauyin sautin ma yana da ƙa'ida, domin Fotugis ba shi da ha mai ƙarfi ta Larabci, sai ya riƙa musanya ta da fa, kamar yadda ya yi wa kha a *alface*. Hausa kuwa yar da sautin ta yi gaba ɗaya a wannan kalma. Sana'ar tallan *alféloa* ta yi ƙarfi a titunan Fotugal har sai da doka ta tsoma baki: kundin dokokin masarautar na 1603 yana da babi da ya haramta wa maza wannan talla, ya bar wa mata. Wannan rabon aiki, watau a bar tallan kayan zaƙi a hannun mata, za mu sake haɗuwa da shi a Barazil.

3.0 Sukari, ƙwai da gidajen ibada

Kalmar da ɗalibi yake bukata idan yana son abin zaƙi bayan abinci ita ce *sobremesa*, daga *sobre* (a kan) da *mesa* (tebur). Fassara ta da Hausa tana da 'yar wahala, domin tsarin cin namu ba shi da wannan mataki. Muna da alkaki da nakiya da dakuwa da gullisuwa, to amma wurinsu gara ce da biki da salla da tsaraba. Ba wanda yake jiran a kawo masa nakiya don ya gama cin tuwo. Saboda haka “kayan zaƙi” da na yi amfani da shi a nan fassara ce ta kusa kawai. A kula kuma, a harshen Sifaniyanci wannan kalma tana nufin hirar da ake yi bayan an gama cin abinci, don haka wanda ya iya harshe ɗaya daga cikinsu kada ya ɗauka ya iya ɗayan.

Abin da ake kawowa idan an nemi *sobremesa* a Fotugal, galibinsa gwaiduwar ƙwai ne da sukari. Sukarin yana da tarihi sananne. An fara zama a tsibirin Madera a wajen 1420, a 1452 kuma Yarima Henrique ya ƙulla yarjejeniya da wani Diogo de Teive don kafa injin matsar rake mai aiki da ƙarfin ruwa. Daga Madera rake ya gangara tsibirin Sawo Tome, a gaɓar tekunmu, a ƙarshen wannan ƙarni, daga nan ya tsallaka Barazil bayan 1530. A kowane zango aikin bayi ne ya ɗauke shi, kuma yawan bayin yana ƙaruwa da yawan gonakin. Abin da a da magani ne na masu hali, ana auna shi da ƙaramin ma'auni, ya zama kayan madafa.

Littafin girki mafi tsufa da ya wanzu a wannan harshe rubutun hannu ne, wanda Gimbiya Maria ta tafi da shi Italiya lokacin aurenta da Alessandro Farnese na Parma a 1565. Yana ajiye a ɗakin karatu na ƙasa da ke Naples. An kasa shi kashi huɗu: na nama, na ƙwai, na madara, da na 'ya'yan itace da ake adanawa cikin sukari. Daga irin wannan adanawa ce aka sami *marmelada*, wadda ake yi da ɗan itacen *marmelo*, sunan da Ingilishi ya ara ya ɗora wa ta lemo. Littafin girki na farko da aka buga a maɗaba'a kuwa shi ne na Domingos Rodrigues, a 1680.

Amma inda sana'ar ta yi gida sosai shi ne gidajen ibada na mata 'yan zuhudu na Kirista. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, wai ana amfani da farin ƙwai wajen sa wa tufafi sitaci da tace giya, sai gwaiduwa ta yi yawa, aka rasa yadda za a yi da ita. Wasu masana tarihi suna shakkar wannan bayani, kuma ina ganin suna da hujja. Waɗannan gidaje manyan masu filaye ne, manoma suna biyan su galla da kaji da ƙwai, 'ya'yan attajirai da sarakuna ne suka cika su, kuma kayan zaƙi su ne kyautar da suke aika wa manya da ita don neman alfarma. Wanda yake da ƙwai da sukari da hannuwa masu yawa da lokaci, ba sai ya jira rarar gwaiduwa ba. Sunayen da suka raɗa wa abin da suke yi su ne ke ba ɗalibi mamaki idan ya fassara su kai tsaye: *barriga de freira* (cikin 'yar zuhudu), *papo de anjo* (maƙoshin mala'ika), *toucinho do céu* (kitsen alade na sama).

A watan Mayu na 1834, bayan yaƙin basasa, gwamnati ta rushe ƙungiyoyin ibada na maza ta ƙwace dukiyarsu. Na mata kuwa aka hana su karɓar sababbin shiga, aka bar kowane gida ya mutu da mutuwar 'yar zuhudunsa ta ƙarshe. Masu sana'ar da barorinsu suka koma sayar da abin da suka iya don su ci abinci, asirin girkin ya fito titi. Shagon da ke sayar da *pastéis de Belém*, kusa da gidan ibada na Jerónimos a Lisbon, ya fara aiki a 1837, kuma yana nan har yau. Kafin wannan lokaci ma jiragen ruwa sun riga sun kai waɗannan abubuwa nesa: Japanawa sun mai da *confeito* ya zama *konpeito*, zaren ƙwai da ake kira *fios de ovos* kuma ya zama *foi thong* a Tailan tun ƙarni na 17.

3.1 *O que leva?*

A cikin jimlolin da muka fara da su, wannan ce ta fi nauyi ga Musulmi. Aikatau *levar* ma'anarsa ɗauka, don haka tambayar tana nufin “me yake ɗauke da shi?” Dalilin nauyinta shi ne, a wannan girki alade ba ya tsayawa a kwanon nama. *Toucinho do céu* ya sami sunansa ne saboda a asali ana sa masa kitse, ko da yake da yawa daga masu yin sa a yau sun daina. *Pudim Abade de Priscos* kuwa, wanda aka sa wa sunan wani limamin coci na kusa da Braga da ya rasu a 1930, har yanzu da kitsen alade da giyar Porto ake yin sa, alhali a ido ba shi da maraba da kowane irin kwaɓin ƙwai da sukari. Miyar ganye da ake kira *caldo verde* ana jefa mata yankan *chouriço*, waken Barazil kuma sau da yawa da naman alade ake dafa shi. Saboda haka tambayar *Tem carne?* (akwai nama?) ba ta wadatar, domin mai kawo abinci zai iya cewa babu da zuciya ɗaya, shi a wurinsa kitse ba nama ba ne. Kalmomin da ya kamata a riƙe su ne *porco* (alade), *banha* (narkakken kitsensa), *toucinho* (kitsen da ba a narkar ba), *presunto* da *fiambre* (cinyarsa da aka sarrafa), sai *vinho* (giyar inabi). Jimlar kuwa: *Leva banha ou toucinho?*

Akwai zamanin da yin wannan tambaya a fili zai iya jawo wa mutum halaka. A Disamba 1496 Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umarnin korar Yahudawa da Musulmi daga ƙasar, a shekara mai bi aka tilasta wa Yahudawa shiga Kiristanci, a 1536 kuma aka kafa kotun binciken aƙida, wadda ba a rushe ta ba sai 1821. Ƙin cin alade yana cikin alamomin da maƙwabci kan kai ƙarar maƙwabcinsa a kansu. Daga nan ne aka sami labarin *alheira*, tsiren hanji na yankin Mirandela, wanda ake cewa tubabbun Yahudawa ne suka ƙirƙiro shi da naman kaza da burodi, su rataye a hayaƙi don a zaci na alade ne. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, mai karatu ya sani cewa yawancin *alheira* da ake sayarwa yanzu akwai alade a ciki.

Game da ladabin tambaya, abu biyu sun isa. Ba a cewa *quero* (ina so) ga mai kawo abinci a Fotugal, sai dai *queria*, watau a ja aikatau baya zuwa shuɗaɗɗen lokaci don a sassauta shi, kamar yadda Bahaushe kan ce “da ma ina son…” ko “ko zan sami…” Sa'an nan godiya tana bin jinsin mai magana: namiji ya ce *obrigado*, mace ta ce *obrigada*, ko da wa ake yi wa godiyar. Wannan yakan rikita ɗalibanmu, domin Hausa jinsin wanda ake magana da shi take bambantawa, ka da ki, ba ta bambanta na mai magana. Daɗin daɗawa, ƙasashen ba su daidaita a kan kalmomi ba. Karin kumallo *pequeno-almoço* ne a Fotugal, *café da manhã* a Barazil, *mata-bicho* a Angola da Mozambik. Takardar jerin abinci *ementa* ce a Lisbon, amma *cardápio* a Barazil, kalmar da wani Castro Lopes ya ƙirƙira a 1889 don ya kori *menu* ta Faransanci, kuma tana cikin ƙalilan daga ƙirƙire-ƙirƙirensa da jama'a suka karɓa.

4.0 Waɗanda suka koya a bakin bulala

Fiye da mutum miliyan 4 aka sauke a Barazil daga Afirka kafin a tsai da fataucin bayi a 1850, bautar kanta kuwa sai 13 ga Mayu 1888 aka soke ta. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa cikin wannan fatauci, daga ɓangarorin biyu na yaƙin. Aka gangara da su ta ƙasar Yarbawa zuwa Ikko da Wida, aka tsallaka da su Bahiya. Ba su daɗe ba suka sa aka san da su: an tona wani shirin tawaye nasu a birnin Salvador a 1807, suka tashi a 1809, suka sake tashi a 1814. Babban tawayen Musulmi na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, wanda João José Reis ya yi cikakken nazarinsa a littafinsa na 1986, Yarbawa ne suka fi yawa a cikinsa, amma wani bawa Bahaushe mai suna Albino ne hukuma ta sa ya karanta mata takardun Larabcin da aka samu a jikin waɗanda aka kama.

Iyayen gijin bayi sun kasa su kashi biyu bisa ga harshe. Sabon zuwa wanda bai ji Fotugis ba shi ne *boçal*, wanda ya iya kuma shi ne *ladino*. Bayan dokar 7 ga Nuwamba 1831, wadda ta ce duk wanda aka shigo da shi daga ranar ɗa ne, sai wannan rabo ya zama hujjar shari'a: umarnin da aka fitar a 1832 ya ce a jarraba wanda ake shakka a kansa a ga ko yana jin harshen ƙasar. Ke nan rashin iya Fotugis yana iya zama shaidar cewa an shigo da mutum ta haramtacciyar hanya, iya shi kuma yana iya tabbatar da shi cikin bauta. Masu fasa-ƙwaurin bayi sun gane haka, suka riƙa ɓoye sababbin zuwa har sai sun iya 'yan kalmomi.

Muna da shaidar mutum ɗaya da ya bayyana yadda ya koya. Mahommah Gardo Baquaqua mutumin Jugu ne, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yanzu, kuma bisa ga faɗarsa mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sauke shi a Pernambuco a 1845. A tarihin rayuwarsa da aka buga a Detroit a 1854 ya nuna cewa tun a cikin jirgi ya fara tsintar kalmomi daga wasu bayi da suka taɓa zama da Turawan Fotugal a bakin teku, waɗanda suke yi wa sauran tafinta. Wani mai gidan burodi ne ya saye shi. Da farko dakon duwatsu aka sa shi. Da harshensa ya ɗan faɗa har ya iya ƙirga zuwa ɗari, sai aka ɗora masa tallan burodi, yana zaga gari da ƙauyuka, ranar da ya yi kwantai kuma ya sha bulala. A lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi: ƙirga zuwa ɗari. Wannan shi ne babin “abinci da ciniki” na ɗan littafin da muka ambata a farko, sai dai Baquaqua yana ɗaya gefen tambayar, shi ake ce wa *Quanto custa?* A 1847 ya tsere daga wani jirgin Barazil a tashar New York.

Mata su suka fi yawa a wannan talla. Ana kiran su *ganhadeiras*, watau masu nemowa: baiwa ta fita da tire a ka, ta kawo wa uwargijiyarta wani ƙayyadajjen kuɗi, abin da ya ragu nata ne, kuma da shi da yawa suka fanshi kansu. Luís dos Santos Vilhena, wani malamin harshen Girkanci da ya zauna a Salvador a ƙarshen ƙarni na 18, ya yi ƙorafi a wasiƙunsa a kan yadda manyan gidaje ke tura bayi mata talla, ya kuma jera abin da suke sayarwa. A jerin nasa akwai *acarajé*, wanda ƙosai ne, daga akara ta Yarbanci, da *acaçá*, wanda agidi ne, da *vatapá* da *caruru*, gefe guda da *pão de ló* na gidajen ibadar Fotugal. A kan wannan tire ne girkin biyu suka haɗu. Inda Fotugal ke sa 'ya'yan almon, Barazil ta sa kwakwa, aka sami *quindim* da *cocada*. Sunayen ma suka cakuɗa: *dendê* (manja) da *quiabo* (kuɓewa) da *fubá* (garin masara) daga harsunan Angola, *mandioca* (rogo) da *abacaxi* (abarba) da *caju* daga harshen Tupi na 'yan asalin ƙasar. Wannan *caju* shi ne ya biyo ta Ingilishi ya zama kashu a bakinmu. A 2005 hukumar adana kayan tarihi ta Barazil ta sa sana'ar masu tuyar *acarajé* cikin jerin al'adun ƙasa.

4.1 *Arroz de hauçá*

A cikin jerin abincin Bahiya akwai guda da ke ɗauke da sunanmu ƙarara: *arroz de hauçá*, shinkafar Hausawa. Manuel Querino, baƙar fata masanin al'adun Bahiya wanda ya rasu a 1923, ya bayyana yadda ake yin ta a ɗan littafinsa na girkin Bahiya da aka buga a 1928. Ana dafa shinkafa a ruwa ba gishiri, a tuƙa ta da muciya har ta narke ta haɗe jiki ɗaya, a barbaɗa garin shinkafa don ta ɗaure. Sa'an nan a yi miya da barkono da albasa da busasshen jatan lande da aka niƙa a dutse, da manja, a soya gutsattsarin busasshen nama a zuba a kai. Duk matar da ta taɓa tuƙa tuwon shinkafa za ta gane rabin farko na wannan bayani, har da rashin gishirin da ɗaurin gari. Miyar ce ta bakin teku, jatan landen da manjan na maƙwabta ne, masu dafa ta a yau kuma sukan ƙara ruwan kwakwa da gishiri. Busasshen naman, wanda na shanu ne, ya dace da mutanen da ba sa cin alade a ƙasar da alade ya cika tukunya.

Akwai kuma *afurá*, wanda ƙamusoshin Barazil suka bayyana da cewa dunƙulen niƙaƙƙiyar shinkafa ne mai tsami, da ake damawa a ruwa da sukari a sha. Sukan danganta kalmar ga Yarbanci. A ganina fura ce, ko ta tafi kai tsaye a bakin Hausawa da Nufawa, ko ta bi ta Yarbanci. Siffar da aikin da sunan duk sun yi daidai, shinkafa kawai ta maye gurbin gero, ruwan sukari ya maye gurbin nono. To amma a yi hattara da irin wannan kamance. Akwai wani abin sha mai tsami da ake kira *aluá*, wanda kunnen Bahaushe zai so ya ji alewa a cikinsa, alhali abin sha ne na masara ko ɓawon abarba, kuma akwai kalma mai kama da shi a harshen Kimbundu na Angola da ke nufin giyar hatsi. Kamancin sauti shi kaɗai ba hujja ba ne sai ma'ana da tarihi sun goyi baya. Wanda yake son ya bi wannan hanya yana da abin farawa: Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya buga hirarrakinsa da bayi Hausawa a 1851, Nina Rodrigues kuma, wanda ya rasu a 1906, ya tattara jerin kalmomin Hausa daga bakin tsofaffin da suka rage, aka buga a littafinsa a 1932.

Bayan tawayen 1835 an koro 'yantattun bayi da yawa, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka dawo gaɓar Afirka ta Yamma, da Fotugis ɗin titi a bakinsu. A Ikko zuriyarsu, waɗanda ake kira Aguda, har yanzu suna dafa *frejon* ranar Juma'ar da ke gabanin Ista, watau wake da ruwan kwakwa da sukari, sunan kuwa *feijão* ne, wake, kuma shi ne “waken kwakwa” da ke cikin jerin Vilhena. Wani ayari ya sauka Ankara a 1836, akasarinsu Musulmi, wasunsu masu danganta asalinsu ga ƙasar Hausa. Mutanen Ga da suka karɓe su ba su jin abin da suke faɗa, sai dai sun lura da wata 'yar jimla da ke yawan fita daga bakinsu, *tá bom*, gajeren *está bom*, “ya yi kyau”, wadda ita ce amsar gaisuwa, ita ce ta amincewa da farashi, ita ce kuma amsar wanda aka tambaya yadda ya ji abinci. Da ita aka raɗa musu suna, kuma har yau Tabom ake kiran zuriyarsu a unguwar Jamestown.